Kalmar da Kaka ya ajiye mini

Ina aji biyu na babbar sakandare a Jega malamin da ke koya mana muhawara ya rubuta wata kalma a allo, silojizim. Ya ce asalinta daga harshen Girkawa ne, tana nufin a haɗa magana da magana a lissafa abin da suka haifar. Ka kawo magana babba, ka kawo ƙarama, ta uku ta fito dole. Sai ya ba mu aikin hutu: kowa ta dawo da sunan abin da Hausa. Ni ban da haƙurin irin wannan aiki. Niyyata in tambayi mutum ɗaya, in rubuta, in huta.

Hutun ya faɗo daidai cirar albasa. Na tarar da Kaka, mahaifin babana, a Jiga Birni, zaune kan tabarma tsakiyar tulin albasa yana tsinta kafin a zuba a rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa sama da ƙasa don iska ta riƙa ratsa ajiyar. Ba ya yarda kowa ya yi masa wannan aiki. Kowace albasa sai ya danna wuyanta da babban yatsa. Mai ƙarfi ta tafi dama, mai laushi ta tafi hagu, don ita ba ta kai damina, kuma in ta ruɓe sai ta ja na kusa da ita.

Ya ce amaryarsa ta dawo daga boko ta rame, ko ba a ba ta tuwo can. Na ce in da angon kirki ne da ya aiko da kaza. Daga nan na karanto masa kalmar, don dai in ga ya rasa ta cewa. Ya sa na maimaita bayanin malam, hannunsa bai bar albasa ba. Da na gama sai ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Mi ag ga wuya nan? Ai ƙiyasi na. Tun ubanki bai zo duniya ba na karance shi."

Ashe yana saurayi ya yi shekaru a zauren wani malami a Jega Firchin, har ya taɓa manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, kafin mahaifinsa ya rasu gona ta kira shi gida. Ba wanda ya taɓa gaya mini, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ya ce Larabawa daga Girkawan suka karɓo shi, suka sa masa suna ƙiyasi, wato awo. Ya ɗauki albasa ɗaya ya ce: duk mai laushin wuya ruɓewa take yi, wannan wuyanta da laushi, to ina za ta? Na ce hagu. Ya ce shi ke nan, na yi ƙiyasi ban sani ba. Amma in kiyayi maganar farko, wadda ake buɗewa da "duk". Ya ce shi bai furta ta a kan albasa ba sai da ya kwashe ruɓaɓɓiya shekara da shekaru.

Na ce ƙiyasi Larabci ne, Hausa aka ce mu kawo. Ya ce akwai, malaminsu yana da yadda yake kiran abin da Hausa tsantsa, mai daɗin ji, amma ba zai ba ni ita tsirara ba in kai boko in yar. In zo dogon hutu na damina, aiki ya yi sauƙi da hantsi, mu zauna ya fara mini daga tushe. Na yi tsaki, na ce tsoho sai jan rai. Na koma makaranta na rubuta ƙiyasi, malam ya yi mini maki, na manta.

Da dogon hutu ya zo, ƙawata ta ja ni gidansu a Sarandosa, yayarta za ta yi aure. Ina can Inna ta bugo waya ta ce Kaka ba ya jin daɗi, kansa na ciwo, yana tambayata. Na tuna abin da na gaya wa kaina a lokacin, don har daɗi na ji da na iya jera shi: duk damina Kaka sai ya kwanta ya tashi, yanzu damina ce kuma ya kwanta, zai tashi. Na tsaya aka kai amarya. Alhali daminar da na ga ya kwanta ya tashi ba ta wuce huɗu ko biyar ba.

Da na dawo ya tashi ɗin, amma ɓarin damansa ya shanye, harshensa ya tafi. Ya gane ni. Ya buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce, sai ya kau da kai gefen bango.

Na tambayi Baba kalmar, bai sani ba. Na buɗe gafakar Kaka na kai wa limaminmu takardun, ya duba ya ce Larabci ne zalla, ba Hausa ko a gefe. Malamin Jega Firchin ya daɗe da rasuwa, zauren ma an rushe an yi shago.

Yanzu shekara uku ke nan. Duk cirar albasa mukan fito da shi kan tabarma, don hannun hagunsa na nan da ƙarfi, kuma har yau ba ya yarda da tsintar kowa. Ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, ina jefa masa kalmomin da na ƙirƙiro: haɗin zance, awon magana, 'yar magana biyu. Yakan girgiza kai. A bara da na ce haihuwar zance ya tsaya, yatsansa a wuyan albasa, ya dube ni. Sai ya karkata tafin hannu haka da haka, wato na kusa.

"Angona, to saura me?"

Ya miƙo hannu in ba shi wata albasar.