Ciwon Kan da Ke Jirana a Sujada

Shekarun baya, lokacin ina noman shinkafa a bakin kanal ɗin Bakolori, na yi wani ciwon kai mai tsari. Ba ya zuwa in ina tsaye, ba ya zuwa in ina cin tuwo. Sai na kai goshi ƙasa a sujada ya sauko kamar an kifa mini turmi, idanu su yi duhu. In na ɗago, ya yi tafiyarsa.

To ku gaya mini, dattijon sahun farko wa zai faɗa wa haka? A unguwarmu, wanda salla ke sa wa ciwo sunansa ɗaya: mai aljani. Sai na lallaɓa sahun baya ina sujada a gaggauce. Asibiti uku na zaga tsakanin Mafara da Bakura. Duk wanda ya ce, "Baba, yaushe yake tasowa?" sai in ce, "Ba shi da lokaci." Su ba ni ƙwayoyi daidai da ƙaryata, in koma gida.

Ranar da na faɗi a la'asar har da amai, ƙanena ya kwashe ni sai Sakkwato, maiɗakina na biye. Likita ya yi tambayar nan. Na buɗe baki ke nan ta riga ni.

"Likita, kak ka saurare shi. Sai ya duƙa shika kama shi. Wata bakwai ko takalmi bai ɗauka ƙasa, da ƙahwa shika jawo shi."

Na juya na ce, "Hajiya, ke anka tambaya?"

"Kai anka tambaya, Malam, ka ƙi hwaɗi."

Likita ya ajiye biro ya ce, "Mama, sake faɗi."

Ran nan aka zura ni na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Wai wata 'yar jakar ruwa ce mai yauƙi, ba ta kai gujiya ba, ba kuma ciwon daji ba ce, ba kasafai ma ake ganinta ba. Tana zaune inda ruwan ƙwaƙwalwa ke wucewa. In na duƙa sai ta toshe hanya. Aji huɗu na tsaya a firamare, amma mai ban ruwa ba ya neman ƙarin bayani a kan toshewar kanal. Likita ya ce da ta toshe gaba ɗaya, kwanciya zan yi ban tashi ba.

Aka yi mini aski kyauta, aka huda 'yar kafa a ƙoƙon kaina, aka shiga da bututu mai fitila aka fitar da ita. Bayan wata biyu na koma sahuna.

Ashe duk mutanen da nake ɓoye wa sun lura tuntuni. Har yau cewa suke an cire mini aljani a Sakkwato. Wato na kusa mutuwa don gudun maganar da aka riga aka gama yi.

Yanzu ko haƙori ya kai ni asibiti, maiɗakina ce a gaba. Likita ya yi tambaya, in nuna ta da baki, in gyara hulata.