Ranar da Rabi ta ƙi yi wa Ilu kuka

A shekarun da na yi ina jagorantar 'yan wasan kwaikwayo na sashen al'adu a ƙaramar hukumarmu, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da muka kai wasa kasuwar Tudun Wada. Aikina shi ne rubuta wasa, raba wa kowa matsayinsa, da kula da gwaji. Shugaban sashe ke kallon gwajin ƙarshe, kuma in ya amince, ba a sake taɓa komai sai da izininsa.

Wasan labarin wani manomi ne, Ilu, da ya gina wa matarsa Ladi gida da hannunsa. Da aka ce ruwan dam zai cinye garin, kowa ya tashi, shi kuwa ya rantse ba zai bar ɗakin da aka kawo masa ita ba. Ladi ta bi iyayenta, ruwa ya ci shi. A ƙarshe sai ta durƙusa gaban gawarsa tana kuka. Ban taɓa shakkar cewa soyayya na rubuta ba.

Ana dab da farawa, Rabi, wadda ke fitowa a Ladi, ta same ni bayan motarmu.

"Malam, ni fa kukan nan ba zan iya ba."

"Ba kina yi a gwaji ba?"

"Don ka ce ne. Mutumin nan ba sona yake ba, rantsuwarsa yake so. Na roƙe shi mu tafi, ya zaɓi katanga."

Malam Sani, mai fitowa a Ilu, ya ji mu. Ya ce, "Haba Rabi, wanda ya mutu saboda ke?"

Ta ce, "Ni na ce ya mutu? Cewa na yi ya zo. Ni Rabi, babana ma da hannunsa ya gina nasa gidan, amma da ruwan dam ɗin Tiga ya taso, ya ɗora tukwanen Innarmu a ka, ya bi ta."

Shugaba na zaune a sahun gaba, na kuma san sauya wasa na iya jawo mini takardar tuhuma. Amma ni ma ina son in ga abin da zai faru. Na ce mata ta yi abin da Ladi za ta yi.

Da aka zo wurin kukan, ta tsaya a kan gawar Ilu ta daɗe tana kallonsa. Ta cire mayafinta ta rufe masa fuska, ta juya ta fita.

Nan take musu ya kaure tsakanin 'yan kallo. Wani dattijo na cewa ta ci amanarsa, wata mai sayar da nono na cewa ai shi ya fara barin ta. Har muka gama kwashe kaya ba su watse ba.

Shugaba ya kira ni. "Wa ya cire kukan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To kai a ganinka, yana son nata?"

Na ce gaskiya yanzu ban sani ba.

"Kai da ka rubuta?" Ya girgiza kai. "A haka za ku kai wasan garin Burumburum."

Abin da nake faɗa wa sababbin ma'aikata ke nan: kai ka rubuta mutum, amma wanda ya shiga rigarsa yakan ga abin da ba ka gani ba, don haka ka saurare shi kafin ka ba da umarni. Sani da Rabi kuwa har na bar aiki ba su daidaita a kan Ilu ba.