Mutumin da Ya Gina wa Takardu Rumbu

Rajista arba'in da bakwai, taswira shida a naɗe, akwatin ƙarfe biyu, tabarma huɗu, buhun ganyen bedi, wato dogon yaro mai korar ƙwari, da duwatsu tara. Abin da ke kan amalanken jaki ke nan, muna ratsa Tawa da rana tsaka a bazarar 1984. Malam Attahir na riƙe da jakin. Ni ina baya, ina jin haushin duwatsun.

Kumandan mai mulkin yankin ya ba mu kwana biyu mu kwashe takardun, don za a zuba hatsin agaji a ɗakinsu. Ba wanda ya yi gardama, mutane na fama da yunwa. Aka ba mu wani tsohon ɗakin ƙasa a gangare. Lokacin ban daɗe da dawowa daga Dakar ba, inda na karanci adana takardu, ina jiran a kira ni Yamai. Malam Attahir kuwa shekara ashirin da shida yana kula da takardun, amma a takarda masinja ne kawai.

Rajistocin nan su ne shaidar iyakar gonaki da rijiyoyi da burtali na Barmu, Kalfu da Takanamat. Masu gonakin da yawa fari ya kora su kudu. In sun dawo ba takarda, sai rantsuwa da sanda.

Malam Attahir ya jera duwatsun, ya gitta itace a kansu, ya shimfiɗa tabarmi, kamar mai kafa rumbu. Kowace safiya ya durƙusa ya duba ko gara ta hau dutse, ya zagaye shi da toka. Duk Alhamis ya hau soro ya share indararo. Shekarar da ko tsuntsu bai jiƙe ba. Manzo direba yakan tsaya yana dariya, ya tambaye shi ruwan wane gari yake jira.

"Ran da za shi zo, ba shi aiko maka da takarda, Manzo," in ji shi.

Ruwan ya zo a daminar 1985, wata la'asar. Ruwa ya shiga ɗakin har ƙauri, ya tsaya ƙasa da itacen. Hatsin da aka tara a ƙasa a maƙwabta ya tsiro cikin buhu. Mu kusurwa ɗaya ce ta yi yoyo, rajista uku suka jiƙe, har da ta Barmu.

Washegari na kwashe su zan shanya a rana. A Dakar an koya mana a daskarar da jiƙaƙƙiyar takarda a firji, mu kuwa ba mu da shi. Malam Attahir ya tare ni a ƙofa, ya kira sunana.

"Mushe, maida su inuwa. Rana soya takarda takai."

Ya tankaɗe yashi mai tsabta, ya barbaɗa shafi bayan shafi, yadda malamai ke shanye tawada. Sau uku a yini yake sauya yashin. Kwana goma sha biyu muka yi a haka.

Bayan girbi wata mata, Halima, ta dawo Barmu daga Sakkwato. Mijinta ya rasu can, wani ya nome gonarsa. Aka aiko a duba. Shafin ya yamutse, ya yi kalar ƙasa, amma sunan mijin na nan. An mayar mata da gonar. Har yau ba ta san wanda ya tankaɗe yashin ba.

Kai ne, Malam. Kai ne ka share indararo ana yi maka dariya. Ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, ba ka kuma nema ba. Na gode, a madadin ita da waɗanda ba su san sun ci moriyarka ba. Duk mai riƙe da takardun jama'a, ya ɗaga su daga ƙasa tun sama na fayau.

Makon jiya Malam Attahir ya ajiye aiki. Bai yi jawabi ba. Ya miƙo mini makulli, ya ce indararon gabas ya soma tsagewa. A makon ne kuma takardar kirana Yamai ta iso.

Na duba duwatsun, tara cif. Na ja ƙofa na kulle. Ba zan tafi ba. Alhamis ina kan soro.