Gidan Injin Motar Attaher

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu na 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Attaher mai fentin mota a asibiti a nan Tawa, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe yana jinyarsa ba. An yi masa sutura bayan azahar. Direbobi da kanikawa da ƴan kabu-kabu sun taru har tasha ta yi fayau. Ina cikin sahu hawaye na zuba mini, amma sai da na waiga na dubi jama'ar nan, zuciyata ta ce mini: Hashimu, ranar taka ko rabin wannan ba za ka samu ba. Ka gani, Attaher, ko a gaban gawarka kishin bai sake ni ba.

Wannan ba asiri ba ne da zan tona yau. Duk mai shan shayi a layin gareji ya san Hashimu na kishin Attaher, kai ma ka sani, har tsokanata kake yi da shi. Idan ka gama mota sai ka sa a biyo da ita ta ƙofar garejina a hankali, ko da hanyar mai ita ba ta nan ba ce. Ni kuwa sai in juya baya in yi kamar ina neman wani abu cikin gwangwanaye, alhali na riga na gan ta tun daga kwana, kuma na san ta yi kyau.

Tare muka koyi aiki a hannun maigidanmu Dodo, Allah Ya ji ƙansa. Na riga ka shiga garejin, na kuma girme ka, amma kai ya fara miƙa wa bindigar fesa fenti. Ni ya zaunar da ni gindin bango da gwangwanaye da sanda, in haɗa kala. Mai mota idan ya zo ɗaukar motarsa, wanda ya fesa yake yi wa sannu, ba ya tambayar wanda ya haɗa. Tun daga lokacin nake jiran abu guda daga bakinka: ka dube ni ka ce, Hashimu, a wannan ka fi ni. Muka yi aure, muka haihu, kowa ya buɗe garejinsa, gemu ya yi fari, ban ji ba.

Masu fenti a garin nan abin da ido ke gani muke fesawa. A rufe kapo, wato murfin gidan inji, a like gilasai, a feshe jiki, mai mota ya tafi yana murna. Kai kaɗai ne ba ka yarda da haka ba. Sai ka ɗaga kapo, ka sa a ɗaure inji da sarƙa a reshen dogon yaro a ciro shi, ka wanke gidansa da gazuwal, wato man dizal, ka bi da omo da ruwa, ka kankare tsatsar da ruwan batir ya haifar, sannan ka fesa. Mun yi maka dariya, ni na fi kowa, ina cewa Attaher na yi wa ɓeraye kwalliya. Ba ka taɓa yin fushi ba. Cewa kake yi gidan inji idan yana da tsabta da haske, ɗigon mai ɗaya ya zubo direba zai gan shi tun bai kai shi ga kwana a daji ba.

Direban motar ɗaukar marasa lafiya ta wajen Takanamat ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da ni a tabarma yana ba da labarinka. Ya ce ka feshe masa gidan inji da fari, ka ƙi karɓar komai, kuma saboda farin nan ya ga man birki na tsiyaya wata safiya kafin ya ɗauko mai naƙuda. Ƴan kabu-kabu su ma kowa da nasa labarin, na tankin babur da ka gyara, na hatsaniya da ka kashe a tasha. Ina jin su ina gyaɗa kai, gaskiya ce duka. Amma raina na cewa, ni ma fa na yi wa mutane alheri, me ya sa nawa ba ya zama labari?

Alherin da ka yi mini ni kaina ya fi duka ƙona mini rai. Shekarar da tari ya kwantar da ni, motoci na jibge a garejina masu su na zarya, kai ne ka riƙa zuwa bayan ka tashi daga naka aikin kana feshe su, ka hana a faɗa wa kowa. Da na miƙe, wani Alhaji mai shanu ya riƙe hannuna a kasuwa ya ce, Malam Hashimu, ciwon nan ya gyara maka hannu. Na yi masa godiya. Na zo na same ka ina huci, kai kuwa ka yi ta dariya har da riƙe ciki. Iyalina sun ci abinci a watannin nan saboda kai, ban manta ba, kuma har yau idan na tuna maganar Alhajin nan sai na ji ɗaci a bakina.

Sai zancen motar Dodo. Tsohuwar Fijo 404 ce mai buɗaɗɗen baya, wadda a cikinta muka koyi tuƙi mu biyu. Bayan rasuwar maigida ta koma hannun ɗansa a Barmu, ta yi jigilar gero da awaki ranakun kasuwa har ta gaji, aka jingine ta bayan gida kaji na ƙwai a cikinta. Na yi ta zarya Barmu ina roƙon a ba ni ita, kullum sai a ce mini za a yi shawara. Kai sau ɗaya ka je, bikin suna ma ya kai ka, sai ga ka ka dawo ana janta a bayanka da igiya. Ranar ban ci tuwon dare ba.

Ka ɗauki lokaci a kanta ba ka gaggawa. Ka yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ka yi walda, ka nemo ƙofa daga wata gawar mota a Konni, ka buge lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Hannuwa da yawa sun shafa mata fenti a rayuwarta, kore a kan fari, fari a kan ruwan ƙasa, har ba wanda ya tuna kalar da ta zo da ita. Da ka ciro inji ka kwance mazaunin batir, sai ga kalar asali a wani wuri da bai fi tafin hannu ba, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba: shuɗi mai haske da ya ɗan karkata zuwa toka. Ka ce da ita za ta koma, kuma daga gidan inji za a fara, domin kalar da aka sa a can ita jikin duka zai bi.

Ba ni ka kira ka nuna wa ba. Rashidu ka kira, mai fentin nan da ya dawo daga Yamai ya buɗe gareji kusa da naka, wanda ko furfura bai fara ba. A bakin mutane na ji labarin. Duk yamma idan na wuce sai in hango ku kun sunkuya cikin motar maigidanmu, kawunanku a haɗe, shi da bai taɓa ganin Dodo da idonsa ba. Na kan yi sallama daga bakin titi in wuce. Ka kan ɗago ka ce in zo in sha shayi, in ce sauri nake yi. Ba inda za ni, Attaher, gida kawai nake komawa in zauna.

Ciwo ya same ka ka riga ka goge gidan injin ya yi sumul, ka shafa fentin farko mai hana tsatsa ban da wurin nan na kalar asali, ka naɗe wayoyi da tiyo da takardar buhun siminti. Fesa kala kawai ya rage. Kowa a sana'armu ya san fentin farko ba ya jure jira, idan damina ta same shi a haka zai sha laima, tsatsa ta taso daga ƙasa, aikin duka ya koma baya. Ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas. Tun a zaman makoki nake ta tunanin wa za a ba ya ƙarasa. Na ce a raina, da ransa Attaher ya hana ni motar nan, amma wannan kam tawa ce, duk Tawa ba wanda ya fi ni haƙƙi.

Bayan addu'ar bakwai maiɗakinka, Hajiya Kaltumi, ta aika a kira ni. Na isa zaure na tarar da Rashidu zaune. Tana daga bayan labule, da yake tana takaba, ta ce:

"Malam Hashimu, marigayi ya bar magana bisa motag ga. Yac ce Rashidu shi hesa."

Na sunkuyar da kai. Na san dalili. Hannuna ya fara rawa tun bara, ina ɓoyewa, ashe ka lura. Don kunya da haushi har na fara laluben takalmana. Sai ta ci gaba:

"Kala kuwa, yac ce kar kowa shi taɓa gwangwani sai kai. Ya haɗa ya zubar har ya gaji, ba ta hito ba. Yac ce tun kuna gidan Dodo ba a yi idon da yak kai naka ba, shi kanshi bai kama ƙahwarka ba."

Na ce, "Hajiya, mi yas sa bai hwaɗa mini ba?"

Ta ce, "Na tambaye shi. Yac ce in ya hwaɗa maka, Tawa ba ta ɗaukar ku ku biyu."

Rashidu ya dube ni da mamaki ya ce, "Baba, ashe ba ka sani ba? Ai kullum shina hwaɗi. Dut wanda ka zama garejin ya ji."

To ka ji, Attaher. Maganar da na tsufa ina jira, ka rarraba ta ga Rashidu, da Hajiya, da masu shan shayi, da duk wanda ya ratso, ni kaɗai ka hana. Da a ce na amsa kiran shayin nan ko sau ɗaya, wataƙila da ta kuɓuce maka a gabana. Wataƙila kuma da ka haɗiye ta, don na san halinka. Na fita daga zauren nan ina kuka ina kuma jin haushinka, har na isa gida ban san wanne ya fi yawa ba.

Washegari na je garejinka, na durƙusa gaban wurin nan mai faɗin tafin hannu, na jiƙa shi da ruwa don kalar ta fito sosai. Na duba gwangwanayen da ka bari na gane inda ka ɓata: baƙi kake ta ƙarawa don ka kashe hasken shuɗin, alhali ɗigon rawaya take so da ɗan ja kaɗan. Na haɗa, na shafa a gefe, na jira ya bushe, na ƙara gyarawa. Kafin la'asar Rashidu ya sunkuya ya duba, ya kasa nuna mini inda tsohuwar ta tsaya da inda tawa ta fara. Na so ƙwarai a ce kai ne ka sunkuya.

Mun fesa da sassafe bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi, kafin zafi ya riƙa busar da fenti tun bai sauka kan ƙarfe ba. Ni na yayyafa wa ƙasa ruwa don kada ƙura ta tashi, aikin da rabona da shi tun muna yara. Rashidu ya ɗauki bindigarka. Ya fara da lunguna da bayan ƙarafa, sannan ya bi fili, shafa ta farko sirara, ya jira, ya ƙara. Ina tsaye a bayansa hannuwana cikin aljihu, ina neman inda fenti zai yi masa hawaye in samu abin faɗa. Bai yi ba. Zaɓenka ya yi daidai, kuma wannan ma ya ba ni haushi. An mayar da inji, an rufe kapo, kwana biyu bayan haka ruwan farko ya sauka.

Ya Allah, ga bawanKa Attaher ya zo gare Ka. Ya gyara abin da ido ba ya gani a aikin mutane, Ka gyara masa abin da mu ba mu gani ba a nasa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, shi da maigidanmu Dodo da iyayenmu baki ɗaya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kaltumi, da ƴaƴansa Jamilu da Haula da ƙannensu, da danginsa na Tawa da na Barmu, da duk ƴan layin gareji. Rashidu, kai ma ina yi maka ta'aziyya, ka yi rashin uba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Kai kuwa Attaher, na yafe maka duk abin da ke tsakaninmu, ina roƙon ka yafe mini. Amma saƙo a bakin wani bai ishe ni ba. Idan Allah cikin rahamarSa Ya haɗa mu a can, ka shirya, sai ka dube ni ka faɗe ta da bakinka.

Hashimu mai fenti, Tawa