Wayar da Alhaji ya hana ni bugawa

Shekarun baya ina da wani ɗalibi da ya girmi mahaifina, Alhaji mai sayar da atamfa a kasuwar Treichville da ke Abidjan. Ba don ciniki yake koyon Faransanci ba. Jikokinsa ne ba sa jin Hausa, ya gaji da zama cikinsu kamar baƙo. Bayan la'asar nakan shigo gbaka, ƙaramar bas ta haya, daga Adjamé, in zauna a shagonsa ina cewa "répétez", wato maimaita, shi kuma yana karya harshen Turawa ba tausayi. Mushe yake kirana, yadda ’yan Nijar ke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko.

Muna cikin darasi aka bugo mini cewa mahaifina ya rasu. Ni ne babba, ni zan sanar da kakata a Tahoua. Haifaffen Abidjan ne ni, na iya rubuta ta'aziyya da Faransanci mai kyau, amma ban taɓa kai labarin mutuwa gida ba. Na fara neman lambarta.

Alhaji ya riƙe hannuna. "Wa za ka kira?"

"Kaka."

"Ita kaɗai a ɗaki? Mushe, so kake a yi jana'iza biyu?"

Ya sa na kira kawuna tukuna, ya tara mata su je su zauna da ita. Sannan ya koya mini abin faɗa: in gaishe ta, in tambayi jikinta, in ce jikin Baba ya yi tsanani, in yi shiru. Ita za ta ƙarasa da kanta.

"Répétez," in ji shi. Bai yi murmushi ba. Na maimaita har na haddace.

Na kira kaka, na faɗa mata yadda ya koya mini, na yi shirun. Can ta ce, "Ya riga ni ke nan." Ina jin matan suna salati kusa da ita.

Alhaji bai taɓa iya Faransancin kirki ba, amma ya kai ga yi wa jikokinsa faɗa da shi, abin da yake nema ke nan.

Bara shi ma ya rasu. A ƙofar gidansu a Belleville, maƙwabta na ta cewa yako, gaisuwar mutuwa ta mutanen Abidjan, na hangi babban jikansa ya ciro waya zai kira ƙanwar Alhaji a Nijar. Na riƙe hannunsa, na tambaye shi da Faransanci, wa za ka kira?