Malam Bamalli da Dangin Ƙwaron Hatsi

Da zarar hantsi ya dubi ludayi, za ka ga Malam Bamalli a ƙofar gidansa da ke unguwar Magajiya, da faranti da madubin ƙara girma, yana juya ƙwaro da tsinke. Haka na san shi tun ina ɗalibarsa a ajin ilimin gona. Yara muna ce masa Baban Ƙwari, shi kuwa ko a jikinsa.

Mu a wurinmu ƙwaro ƙwaro ne. Shi kuwa sai ya ce, "A'a, Ikilima, duba bakin. Na masara da na shinkafa dogon baki gare su, ciki ɗaya suka fito. Na dankali siriri ne kamar tururuwa, dangi ne na nesa. Wannan guntun na wake kuwa ba ɗan gidan ba ne sam." Duk wanda ya samu sai ya soke shi da allura a akwati, kusa da 'yan'uwansa.

Mutanen garinmu Iku ba su manta shekarar da Inna Sakinatu ta yi gaba da maƙwabciyarta Esther ba, wai waken Esther ne ya sa wa masararta ƙwari. Malam ya zube ƙwarin biyu a tafin hannu ya ce, "Haba Inna! Na wake ba ya cin masara. Naki daga gonarki ya biyo ki." Kunya ta kama Inna, da yamma ta aika wa Esther tuwo.

Kai ne, Malam, ka koya mana duba abu kafin yanke masa hukunci. Wayyo, ina kewar wannan zamanin!

Yanzu idanunsa sun yi yana, 'ya'yansa suna Abuja, akwatunan kuwa ba mai gado. Makon jiya na je gaishe shi, ya miƙo mini ƙwaro. "Wane gida ne wannan?"

"Na dankali ne, Malam."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Kin gane shi."

Mun gode, uban ɗalibai, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu sani a hannu, ku nemi magaji tun da wuri, domin abin da Malam ya ce mini daga ƙarshe ya sa ni kuka: "Ki kwashe akwatunan yau, tun ina iya ganin fuskar mai ɗauka."