Gudumar Baban Yara

Majami'armu ta farko a Agege rumfar kwano ce a bayan layin dogo. In jirgi zai wuce, fasto yakan yi shiru har ƙarar ta lafa. Yawancinmu daga kudancin Kaduna da Filato muka zo, Hausa ce ta haɗa mu, da ita muke sujada.

Kowace shekara, ranar Juma'ar da ke kafin Ista, mukan yi wasan kwaikwayon gicciye Yesu. Maigidana kafinta ne, shi yake haɗa gicciyen da ragowar katako. A wata shekara wanda ya saba fitowa a matsayin soja ya koma gida, sai aka ce, to, mai guduma ai shi ya san kanta. Mu 'yan zumuntar mata mu ne taron da ke ihu. Jinin ma ni na dafa, zoɓo ne mai kauri.

Ƙaramar 'yarmu, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba, tana zaune a gaba. Ta ga ubanta ya durƙusa yana buga ƙusa a katako, tsakanin yatsun saurayin da ya fito a matsayin Yesu, zoɓo yana zuba. Ba ta yi kuka ba. Amma da aka tashi, uban ya miƙa hannu zai ɗauke ta kamar kullum, sai ta maƙale a zanena. A motar danfo da muka hau zuwa gida ta ƙi zama a cinyarsa. Da ya yago mata nama daga kwanonsa, ta kau da kai.

Ranar Asabar da safe zai fita aiki, guduma ta ɓace. Muna cikin nema sai ga Alhaja, maƙwabciyarmu Musulma haifaffiyar Legas, ta shigo da abu a naɗe cikin ɗankwali.

"Oga kafinta, ashe kai ne! Ga ajiyar da 'yarka ta ba ni. Ta ce in ɓoye, kada ka ƙara kashe wani." Ta yi dariya, sannan ta sassauta murya. "Mu a wajenmu ba haka labarin Annabi Isa yake ba. Amma ku lallashi yarinyar nan, zuciyarta ta ɗauki abin da nauyi."

Na ɗauka maigidana zai ce wa yarinyar wasa ne kawai. Bai ce ba. Ya zauna a bakin ƙofa, gudumar tana ƙasa tsakaninsu, ya ce, "Uwata, saurayin nan lafiyarsa ƙalau, gobe za ki gan shi. Amma Yesu na gaske, ba zan ce miki ba hannuna a ciki ba."

Ta juyo gare ni. "Mama, ke ma na ji ki. Kin ce a gicciye shi."

"Na ce."

"To wa ya kashe shi?"

A lokacin ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, da yatsa nake bin layi in ina karanta Littafi Mai Tsarki. Na gaya mata abin da na samu a hankali. Akwai wanda ya bashe shi, akwai gwamnan da ya wanke hannunsa, akwai sojoji, akwai abokansa da suka gudu. Kowa yana iya nuna na kusa da shi. Amma saboda zunubi ya mutu, kuma zunubi babu gidan da bai shiga ba, har namu. Na ce mata kuma ba fin ƙarfinsa aka yi ba, shi ya ba da ransa don yana ƙaunarmu. Yana kan gicciyen ya roƙi Uba ya gafarta wa masu buga ƙusar.

Ta kalli hannun ubanta mai kanta.

"Har Baba?"

"Tun gudumar tana hannunsa."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sunkuya, ta ɗauki gudumar da hannu biyu, don ta yi mata nauyi, ta ɗora masa a cinya. "Amma tebur kaɗai za ka riƙa bugawa."

"Tebur da kujera, ranki ya daɗe."

Ranar Ista a kafaɗarsa ta tafi majami'a.

Yanzu an yi ginin siminti a wurin rumfar, kuma majigi ake nuna wa yara. Maigidana ya riga mu gidan gaskiya, Alhaja ma haka. Yarinyar tana unguwar Iyana Ipaja da nata 'ya'yan. Da aka raba kayan aikinsa, ba ta nemi komai ba sai gudumar nan. Ni kuwa har yau, in aka kai wurin ihun taro a karatun ranar Juma'ar, nakan faɗi nawa layin. Ba da ƙarfi ba, amma nakan faɗa.